Waɗanda Gwaggo Ta Tura Gabas

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Gwaggona, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun daga yaye har ta kai ni ɗakin miji, ta koma gare shi da hantsin wata Laraba a Toranke, cikin kakar da ta biyo bayan shekarun farin nan da suka cinye shanun mutane. Kafin la'asar an kai ta. Waɗanda suka san ta sun kusa ƙarewa, ni ma gwiwa ta fara ba ni labari, shi ya sa na ce bari in ajiye abin da na sani kafin a neme ni a rasa.

Ban taɓa ganin zaman makoki irin nata ba. Mace za ta shigo da sallama, ta durƙusa, ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta." Mu ce amin. Sai ta gyara zama, ta waiga hagu da dama, ta rage murya, ta ce, "To, Baffan naku fa? An faɗa masa?" Matan Ajingi suka tambaya, na Gaya suka tambaya, matan rugar da ke kawo mana nono su ma suka tambaya. Wata tsohuwa da ta daɗe tana gaba da Gwaggo a kan wurin zama a kasuwa ta yi kukanta ta share, sannan ta ce, "Ita kam ta huta. Aikin yana kanku." Na ji haushin maganar.

Baffa ƙanin Gwaggo ne, wan mahaifina. Kurma ne, ba ya ji, ba ya magana. Sanƙarau ya kama shi kafin bakinsa ya buɗe, ya bar masa rai ya tafi da kunnuwan. Ranar rasuwar yana Kademi, gidan mijina, wajen yankan dawa, kuma Gwaggo ce ta tura shi can da kanta ranar da na zo jinyarta. Aike bai isa ba sai bayan an binne ta, aka ce mijina ya taho da shi da safe. Abin da ya hana kowa sukuni shi ne wannan: a duk maganar hannun da Gwaggo ta yi rayuwarta tana yi da shi, babu mutuwa. Ba ta taɓa sa ta a ciki ba, ba ta kuma bar kowa ya sa ba. Mutum ga furfura ga gemu, za mu gaya masa yayarsa ta mutu, ba mu da abin gaya masa da shi.

Ita ta goya shi tun tana 'yar mitsitsiya, kuma a tsakar gidan nan suka ƙirƙiri maganarsu su biyu. Kowa a gidan yana da sunansa a hannu. Mahaifina tela ne, sai a karkaɗa tafin hannu kamar ƙafa a kan keken ɗinki. Kakata, wadda suke kira Inna, yatsa ne a ja a kumatu, saboda tsagarta. Ni kuwa yatsu ne a buɗe a rufe, a buɗe a rufe, wai mai surutu, kuma ban isa in ce an zalunce ni ba. Ita Gwaggo da kanta, a toshe hanci ne. Daddawa take yi, kuma Baffa ne ya raɗa mata sunan, ta yi ta yi ya canza ya ƙi.

Mu sauran mutanen gida mun iya ci da sha, zo da tafi, gona, ruwa, salla, da sunaye. Iyakarmu ke nan. Su kuwa sai su zauna a gindin rumbu su yi ta hira har inuwa ta juya, su yi dariya har hawaye, wani lokaci su yi faɗa ka ga hannu yana tashi kamar ana koran kaji. In na ce, "Gwaggo, me ya ce?" sai ta ce, "Uwata, ba shi da Hausa." Haka take kirana, don sunan Kaka aka sa mini. Sai in ce, "Kai, Gwaggo! Wace magana ce ba ta da Hausa?" Ta ce akwai su da yawa. Suna da alama guda ta nauyin da jiki yake yi kafin hadari ya haɗu. Suna da wata ta baƙon da ba ya zuwa sai an sauke tukunya. Akwai wata da na gaji da tambaya ta ce, "Kin san in kika ga mutum daga nesa kika yi murna, ya matso kika ga ba shi ba ne? To abin da ya rage miki a ƙirji bayan nan." Na ce ai wannan baƙin ciki ne. Ta ce a'a, bai kai ba. Na ce kunya ce. Ta ce in tashi in ba ta wuri.

Ko ita kaɗai ce, hannunta ba ya zama. Tana gyaran kalwa za ka ga ta tsaya, yatsunta suna motsi a kan cinya. Tunani take yi. Ta ce lissafin kasuwa da faɗa da mutane da baki take yin su a zuci, amma abin da ya shafi gida da hannu yake zuwa mata. Sau biyu ta yi aure, kowanne da sharaɗin Baffa zai bi ta, kowanne kuma a kan Baffa ya mutu. Ba ta taɓa haihuwa ba. Wanda duk ya kira shi bebe a gabanta, ko babba ne, ranar sai ya gwammace bai fito ba.

Ba zan manta alherinta a shekarun fari ba. Wasu Fulani suka gangaro daga arewa, shanunsu sun ƙare a hanya, da wata tsohuwa a cikinsu da ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Mutane suna ta ɗaga mata murya, kamar ƙara ce za ta sa ta gane. Gwaggo ta ja ta ɗaki, ta dama mata kunu, suka zauna. Kafin kwanon ya huce ta fito tana gaya mana 'ya'yan matar nawa ne, wanne ya tsaya a hanya, da inda ƙafarta ke ciwo. Matar ta zauna a ɗakinta har ruwa ya sauka.

To amma ga abin da ya dame ni da ita, kuma har yau bai sake ni ba.

Kaka ta rasu a farkon shekarun 'yancin kai, ina budurwa. Da Gwaggo ta ga jikin ya yi nauyi, sai ta kora Baffa daji da awaki. Ya dawo da yamma an riga an kai ta, ya leƙa ɗaki, ya fito, ya ja yatsa a kumatu yana tambaya. Ina tsaye. Gwaggo ta ɗaga hannu ta wurga shi can gabas, ta taka yatsu biyu a kan tafinta. Alamar masu tafiya Makka a ƙafa ke nan, irin waɗanda suke bi ta ƙasar Barno su yi shekaru ba labari, wasu su dawo, wasu shiru. Ya dube ta ya daɗe. Sannan ya gyaɗa kai ya je ya ɗaure awakinsa.

Daga ranar, duk wanda ya mutu a danginmu gabas ya tafi. Da an ji salati ya tashi a wani gida, Gwaggo za ta nemo masa aiki a nesa: itace, ciyawa, kai saƙo. Gari guda ya biye mata, wasu don tausayi, wasu don tsoron bakinta. Yana da alamar yanka, yatsa a wuya, amma ta dabbobi ce. Wani saurayin maƙwabta ya taɓa yi masa ita yana nuna gidan da aka yi rasuwa, Gwaggo ta maka masa muciya a hannu har ya kumbura.

Mahaifina ne kaɗai ya taɓa tsayawa ya ja da ita. A tsakar gida aka yi, ina jin su, Baffa yana gefe yana saƙar igiya.

Ya ce, "Yaya, ki ji tsoron Allah. Mutum ne fa, ba yaro ba. Uwarsa ce. Ya kamata ya ɗauki makara ya samu lada kamar kowa."

Ta ce, "Kai da kake da kalmar, Auta, me ta tsinana maka? Tun da Inna ta rasu wandonka yake zamewa. Shi kuwa dubi yadda yake cin tuwonsa."

"To ranar da tasa ta zo fa? Ya je bai san da ita ba?"

"Wa ya taɓa zuwa da saninta? Kai ka san ta?"

"Na san sunanta."

"Sunan ne yake hana ka barci. Abin da ba shi da suna a hannunsa ba zai zauna masa a zuciya ba. Ni na raine shi, ni na san cikinsa."

Mahaifina ya kai ƙara wajen liman. Liman ya zo ya yi nasiha a zaure, ta saurara daga bayan zana har ya gama, ta ce, "Allah gafarta malam, ga shi nan, ka faɗa masa." Liman ya dubi hannuwansa, ya ce Allah ya san harshen kowa, ya shafa fatiha ya tafi. Mahaifina ya ɗauke ƙafa daga gidan har damina ta wuce.

Akwai kuma maganar kasuwar Gaya. Wata rana Baffa ya kai mata daddawa can, ya gamu da wasu kurame da ke taruwa kusa da mahauta, cikinsu har da waɗanda suka zauna birni, masu maganar hannu mai faɗi. Wayyo, ranar da ka gan shi! Ya shigo gida fuska kamar an ba shi kujerar Makka, ko kwando bai ajiye ba ya fara zuba mata sababbin alamu. Ta kalli ta farko, ta kalli ta biyu, sai ta juya masa baya. Ku da kuke da kunne ba za ku gane nauyin wannan ba. In ka juya wa kurma baya ka rufe masa baki ne gaba ɗaya. Ya zagayo gabanta, ta sake juyawa. Haka suka yi har ya sauke hannunsa. Daga nan kasuwar Ajingi take aikensa, bai ƙara taka Gaya ba. Na ce mata, "Gwaggo, wannan kishi ne." Ta ce, "Ban san abin da za su zuba masa a kai ba." Ina ƙaunarta, amma wannan kam ban yafe ba sai da ta mutu.

Da aka fara zuwa hajji a jirgi, duk shekara in motar alhazai ta iso daga Kano, gari ya fita tarye, Baffa yana gaba. Ba ya tsalle, ba ya karɓar dabino. Tsayawa yake yana duban masu saukowa ɗaya bayan ɗaya, har motar ta zama wayam, ya leƙa ciki, sannan ya juyo gida. Gwaggo tana ganinsa daga ƙofa. Ranar ba ta cin abinci.

Wata irin wannan rana ce na same ta tana mulmula daddawa, hawaye yana sauka a tabarma. Lokacin na yi aure, na zo ganin gida. Na ce, "Gwaggo, ki faɗa masa mana. Jiran nan ai ya fi kukan ciwo."

Ta ce, "Kin zaci ban gwada ba? Na zaunar da shi, na ɗaga hannu, hannun ya ƙi."

"Ki ƙirƙiro wata alamar. Ba ku kuka ƙirƙiri sauran ba?"

Ta ci gaba da murza ɗan curin da ke tafinta. Can ta ce, "Uwata, in na tuna Inna da baki, tana cikin kabari, na san wurin, na san ranar. In na tuna ta da hannu, tana hanya. Wallahi ina ganinta da ƙullin kayanta a ka, tana tafe. In na sa mutuwa a hannun nan, ina zan riƙa zuwa in same ta?"

Ashe ba shi kaɗai take yi wa ba. Na koma Kademi da wannan magana, na yi ta juya ta. Mace mai hankali, mai salla, wadda ta yi wa uwarta wanka da hannunta, amma tana da wani ɗaki a kanta inda ba wanda ya taɓa mutuwa, don kawai ba a shigar da kalmar ba. Idan ita mai harshe biyu haka abin ya yi mata, shi mai guda ɗaya fa? Wani lokaci in ce ta yi gaskiya, ta tsare shi. Wani lokaci in ce ta zalunce shi. Ban taɓa tsayawa a kan ɗaya na kwana biyu ba.

A jinyarta ta ƙarshe na tambaye ta kai tsaye, don ni ba na iya kwana-kwana. Na ce, "Gwaggo, in ta Allah ta kasance, me zan ce masa?" Ta ce, "Kin san alamar." Ta rufe ido, na zaci barci ne. Sai ta ƙara da cewa, "In kin iya wata, ki yi." Wasiyyar da ta bar mini ke nan.

Washegarin rasuwarta da safe mahaifina ya kira ni zaure. Idonsa ya yi ja. Shi da ya yi shekaru yana cewa a faɗa, a faɗa, yau ya ce, "Ke kika fi mu iyawa. Ki yi masa yadda ta saba. Ba zan iya ganin abin da zai biyo baya ba." Na ce, "Baba, in na tura ta gabas, zai tsaya bakin mota har ya mutu, kuma wannan karon ba mai yi masa hira in ya dawo." Ya ce, "To ki yi yadda Allah ya nuna miki." Kowa ya zame ya bar ni da shi.

Da hantsi suka iso, mijina a gaba, shi a baya da damin dawa a ka, tsarabar Gwaggo. Ya wuce mazan da ke zaune a ƙofar gida. Ya shigo ya ga tabarmi, ya ga mata cike da tsakar gida, kowace ta sunkuyar da kai. Ya sauke damin a hankali a ƙofar ɗakinta. Bai leƙa ba. Ya juyo ya neme ni da ido.

Na tashi. Na toshe hanci, sunanta ke nan. Daga nan ban san abin da zan yi ba, sai na ji hannuna ya ɗaga da kansa ya nufi gabas, don alamar nan kaɗai ya sani. Bai kai ba Baffa ya cafke wuyan hannun. Ya mayar mini da shi ƙasa, ya girgiza kai.

Sai ya toshe hancinsa. Ya shimfiɗa hannun dama a kan tafin hagu, a kan gefensa, yadda ake kwantar da mamaci. Ya jawo ƙasa da yatsu ya rufe, ya daddanna. Jama'a, wannan alama ba ranar aka ƙirƙire ta ba. Sumul ta fito, da sauri, irin ta hannun da ya saba. Ya ja yatsa a kumatu, Kaka, ya kwantar ya rufe. Ya yi sunan wani kawunsu, ya rufe. Ya bi matattun danginmu ɗaya bayan ɗaya, yadda suka bi juna, bai tsallake kowa ba. Sannan ya nuna ni, ya yi alamar goyo, ya taɓa gefen ƙaramin yatsansa. Ɗana na fari da cindo aka haife shi, ya koma kafin ranar suna. A Hausa yaron nan ba shi da suna, ko ni uwarsa ba ni da abin kiransa. Ashe a hannun Baffa yana da shi. Ya kwantar da shi a tafinsa, ya rufe a hankali.

Mata suka fashe da salati. Ni kuwa na zube a ƙasa. Tun yaushe ya sani? A ina ya samo ta, a Gaya ko shi kaɗai a daji da awaki? Tsayuwar bakin mota fa, don Gwaggo yake yi? Duk shekarun nan yana da makokinsa, mutum ɗaya ce a duniya zai iya kai wa, ita kuma ta rufe ƙofar.

Ya durƙusa a gabana ya taɓa kafaɗata don in dube shi. Sai ya fara magana. Ban taɓa ganin ya yi mai tsawonta ba, ko da ita. Hannu yana tashi yana sauka, yana bugun ƙirji, yana nuna ɗakin, yana nuna sama, hawaye yana bin gemunsa bai tsaya sharewa ba. Na tsinci sunanta, na tsinci ruwa, na tsinci gona, sauran duk suka wuce ni. Na waiga, mahaifina yana bakin zaure da mutanen gari a bayansa, ba wanda ya fi ni ganewa. Wadda za ta ce mana ga abin da ya ce tana maƙabarta tun jiya.

A ƙarshe ya yi wata alama da ban taɓa gani ba, ya buɗe tafukansa biyu, ya ɗaga gira. Wannan kam na sani, tambaya ce. Ya jira. Ya sake yi a hankali, yadda ake yi wa yaro, ya sake jira. Ban san ko e ake cewa ko a'a ba. Na gyaɗa masa kai. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya sauke hannuwansa a kan gwiwa.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata abin da ta yi da sani da wanda ƙauna ta sa ta. Baffa ya zauna a gidana a Kademi har tasa ta zo, muna ci da sha, zo da tafi. Bai ƙara yi mini tambayar nan ba, kuma har aka ɗauke shi ban san abin da na amsa masa ba.